Ayarin da ya tsaya a bakin rijiya: nazarin wasan labari na wata fada a Damagaram

Fadar tana unguwar Zango, kuma asalinta bai bambanta da sauran fadodin Damagaram ba: tabarma, butar shayi, da samarin da suka yi makaranta tare. Da neman abinci ya watsa su sai zaman ya koma cikin waya. Abin da suke yi a can ya wuce gaisuwa da tura hotuna. Labari suke ginawa a rubuce, kowa da mutuminsa a ciki, ana jefa ƴaƴan ludo don a san abin da zai faru. Su bakwai suka fara. Mai jan labarin malamin makarantar boko ne a nan cikin gari, kowa Mushe (wato Monsieur) yake ce masa. Akwai tela, akwai ɗan kabu-kabu, akwai wata ɗaliba a Jami'ar André Salifou wadda ƙanwar ɗan kabu-kabun ce. Sauran ukun, ɗaya yana aikin ofis a Yamai, ɗaya yana Agadas, ɗaya kuma ɗan kasuwa ne mai kai-da-kawo tsakanin Damagaram da Kano.

Sun yarda na karanta abin da suka rubuta tun daga farko. Zan kira su da matsayin mutanensu na cikin labarin, domin su ma haka suke kiran juna: telan shi ne Maƙeri, ɗan kabu-kabun Madugu, ɗalibar Ungozoma, na Yamai Dogari, na Agadas Jagora, ɗan kasuwar kuma Magatakarda. Rigimar da ta kusa wargaza su a watan Agusta na 2023 ita ce abin dubawa a nan, amma ba za a gane ta ba sai an san yadda aka zo wurin.

Irin wasan

Ba nan aka ƙirƙire shi ba. A 1974 wasu Amurkawa biyu, Gary Gygax da Dave Arneson, suka fitar da Dungeons & Dragons, kuma daga gare shi ne irin waɗannan wasanni suka yaɗu. Tsarin ba shi da wuya. Mutane su kewaye tebur, ɗaya ya riƙe labari. Shi ne ƙasa, shi ne iska da rana, shi ne duk wani baƙon da za a gamu da shi a hanya. Sauran kowa ya ɗauki mutum guda, da takarda mai nuna ƙarfinsa da wayonsa da abin da ke cikin jakarsa. Mai jan labari ya faɗi halin da ake ciki, ɗan wasa ya ce ga abin da mutumina zai yi, in abin yana da haɗari sai a jefa ɗan ludo ya raba gardama. Ba a cin kowa, ba a fitar da gwani. Yin sa a rubuce ma ya daɗe, domin tun kafin intanet akwai masu buga wasanni ta wasiƙa, kowa ya aika nasa motsi ya zauna jiran amsa.

Dogari ne ya gan shi a Yamai wurin abokai, ya kawo maganar. Mushe ya sauko da ƙa'idojin farko da kamfanin Wizards of the Coast ya saki kyauta a 2014 tare da bugu na biyar, ya karanta, ya ce tsarin ya yi masa amma dodannin Turai da jarumansu ba su yi masa ba. Sai ya ɗauko labarin ya dasa shi a Damagaram ta zamanin Sarki Tanimun, wanda mulkinsa ya kai har 1884, sarkin da ya kewaye Birni da ganuwa, aka kuma ƙera masa igwa a cikin gari. A lokacin Zango masaukin fatake ne da Buzaye. Ayari kan tashi da fatu da gashin jimina ya bi ta Damargu zuwa Agadas, wani ya zarce har Gat da Tarabulus, wani kuma ya sauko da kantun gishirin Bilma. Ƴan wasan aka mayar da su ƴan wani ƙaramin ayari irin wannan. A ganina wannan ce dabara mafi kyau da Mushe ya yi a duk tafiyar. Wanda ya tashi a Zango ba ya bukatar a zana masa taswira, tsoffin gidajen attajirai masu zane a fuska suna nan yana wuce su kullum. A wasan rubutu kuwa, duk abin da mai karatu ya riga ya sani, rangwame ne ga babban yatsan mai rubutu.

Zamanin yana da nasa ƙaya. Arzikin Damagaram na wancan lokaci akwai cinikin bayi a ciki, kuma a garin nan akwai gidajen da maganar asali ba abin wasa ba ce gare su. Mushe bai goge bayi daga labarin ba, amma ya yanke cewa ba ɗan wasan da mutuminsa zai mallaki bawa ko ya sayar. Ba wanda ya ja da shi.

Zaman WhatsApp

A WhatsApp aka fara, don shi ne a wayar kowa. Matsala ta farko ɗan ludon ne. Dungeons & Dragons ya dogara a kan ɗan ludo mai fuska 20, abin da ba wanda yake da shi a fadar. Kowa ya sa wata ƴar manhaja a wayarsa, ya jefa, ya ɗauki hoton allon ya turo. Ta biyu ta fi tsanani. Faɗa a wancan tsari hawa-hawa ne: a jefa don sanin wanda zai fara, kowa ya jefa don a ga ko saransa ya samu, ya sake jefawa don a ga girman raunin, abokan gaba su ma a jefa musu, sannan a sake zagayowa. A tebur wannan ba ya wuce lokacin shan shayi. A rubuce, inda Madugu ba ya duba waya sai ya sauke fasinja, Maƙeri kuma sai ya tashi daga kan keke, arangama guda da ɓarayin raƙuma ta ci kusan mako biyu. Kafin a kai ƙarshenta an manta dalilin da ya haɗa faɗan.

Nan Ungozoma ta kawo wani tsarin, wanda ya fito daga wasan Apocalypse World na 2010, wasanni da yawa kuma suka ara. Ƴaƴan ludo biyu ne na gida, masu fuska 6. A haɗa abin da suka nuna, a ƙara ɗan lambar gwanintar mutumin. In ya kai 10 ko fiye, ka samu abin da kake so. Daga 7 zuwa 9, ka samu amma da asara ko da sharaɗi. In 6 ne ko ƙasa, mai jan labari ya sauko maka da matsala. Jifa ɗaya ke yanke abin da a da yake cin jifa biyar, kuma shi mai jan labari ba ya jifa sam, ƴan wasa kaɗai ke yi. Lissafinsa ma a fili yake. Ƴaƴan ludo biyu suna faɗuwa ta hanya 36. In ba ƙari, 15 daga ciki matsala ce, 15 nasara ce mai asara, 6 kaɗai ne nasara tsantsa. Ƙarin lamba ɗaya yana mayar da su 10, 16 da 10. Wato sau da yawa labarin yana faɗawa tsakiya, inda aka samu kuma aka rasa, kuma nan ne rubutu yake daɗi.

Ga yadda wani wuri ya kasance. Mushe ya rubuta: "Rana ta take kun iso rijiyar. Bakinta a buɗe, ba guga, ba igiya. Ga kashin raƙumi ɗanye ta gabas, amma ba sawun mutum ko ɗaya. Raƙumanku sun ji ruwa sun fara ja. Me kuke yi?" Bayan la'asar Jagora ya amsa daga Agadas: "Kada kowa ya sauka. Zan zagaya in duba ƙasa." Ya jefa, 4 da 4, da ƙarin 1, ya zama 9. Mushe ya dawo bayan isha'i: "Ka gano an share sawun da reshen ƙaya, an yi arewa. Amma kafin ka juyo raƙuma biyu sun ƙwace akala sun nufi rijiyar da kayansu." Saƙo uku ke nan a yini guda, kuma ayarin ya motsa.

Sai dai ƴaƴan ludon na hannu ne, kowa yana jefa nasa a inda yake ya turo hoto. Hoto kuwa ba ya faɗin sau nawa aka jefa kafin a ɗauke shi. Wata rana Dogari ya turo shida biyu, washegari a wani faɗan ya sake turo shida biyu. Shida biyu sau ɗaya ne cikin 36, sau biyu a jere kuma ɗaya cikin 1296. Yana iya faruwa, kuma ba wanda ya ce masa ka yi maguɗi. Madugu dai ya rubuta, "Allah ya ba mu irin hannunka, yallaɓai," daga nan kowa ya fara duban hoton kowa da ido biyu. Ga kuma ruɗanin da ya taru: hirar ƙwallo da sanarwar suna da labarin ayari duk a wuri guda, Maƙeri yana turo murya don rubutu na ba shi wahala, murya kuma ba a iya bincika ta. Rubutun ma kowa da salonsa, domin yawancinsu da Faransanci suka yi makaranta, wani ya rubuta Hausa da ƙa'idarta, wani da ta Faransanci, in ka nemi sunan wani gari da aka wuce wata biyu baya sai ka gwada rubutu iri uku.

Ƙaura zuwa Telegram, da wanda bai bi ba

Dogari ya so a koma Discord, wanda ya fito a 2015 kuma a can masu irin wannan wasa suka fi taruwa, akwai ma wani mataimaki na kwamfuta mai suna Avrae da ke jifa da lissafi. An ambaci Roll20, mai shimfiɗa taswira a allo. Mushe ya duba wayoyin mutanensa ya ce a'a. Mutum ɗaya ne cikinsu yake da kwamfuta da intanet ɗin ofis, sauran da ɗan abin da suka saya na yini ko na mako suke lallaɓawa. A farkon 2023 aka zaɓi Telegram, saboda abu uku. Tun 2020, in ka tura alamar ɗan ludo ita kaɗai a Telegram, sai ta juya a gaban kowa ta tsaya a kan lamba daga 1 zuwa 6, kuma lambar daga na'urar kamfanin take fitowa, wayarka ba ta da hannu a ciki. Sau biyu za ka tura, an samu ƴaƴan ludo biyu. Na biyu, daga ƙarshen 2022 ana iya raba zaure guda zuwa ɗakuna, sai suka yi ɗakin labari, ɗakin takardun mutane, da ɗakin hira. Na uku, rubutun yana ajiye a can, wanda ya sauya waya zai tarar da komai. Hotunan ƴaƴan ludo ma sun ƙare, hoto guda kuwa ya fi saƙon rubutu ɗari nauyi.

Rami ɗaya ya rage. A Telegram mutum na iya goge saƙonsa ba tare da ya bar alama ba, to mai son zuciya zai iya jefawa da tsakar dare, in bai yi masa ba ya goge ya sake. Ungozoma ce ta gano cewa shugaban zaure yana da wurin da yake ganin abin da aka goge cikin awa 48 da suka wuce. Aka sanar da kowa cewa Mushe yana leƙawa. Aka kuma ce sai ka rubuta abin da mutuminka zai yi kafin ka jefa. Daga nan maganar maguɗi ta mutu, ban sake ganin ta a rubutunsu ba.

Amma ƙaurar ta ci mutum guda. Magatakarda ya yi karatun zaure, kuma tun a WhatsApp yake jin abin a ransa. Da ya ga ɗan ludo yana juyawa a allo sai ya rubuta wa Mushe cewa shi fa ya karanta a Risala ta Ibn Abi Zaid cewa wasan nardi bai halatta ba, akwai kuma hadisi a Muwaɗɗa a kan haka, nardi kuwa wasa ne na jefa irin waɗannan ƴaƴan. Mushe ya amsa cewa ba kuɗi a ciki, ba mai ci ba wanda ake ci, jifar raba gardamar labari kawai take yi. Magatakarda ya ce: "Mushe, na sani. Amma malaman da na karanta ba su sa sharaɗin kuɗi ba. Ban ce ku bari ba, ni dai zuciyata ba ta kwanta ba." Ba su kai maganar gaban wani malami ba, ni ma ba ni da hurumin yanke ta. Abin da aka yi shi ne an rubuta wa mutuminsa fita ta mutunci, ya tsaya a Agadas yana rubuta wa wani attajiri wasiƙu. Shi kuma ya zauna a ɗakin hira, yana karanta labarin, wani lokaci ya gyara wa Mushe hanyar fatake. Na kawo wannan ne don a ga cewa fadar ta iya rabuwa da mutum ba tare da ɓacin rai ba. Abin da ya zo bayan wata shida ya sha bamban.

Agusta

Ranar 26 ga Yuli 2023 sojoji suka karɓi mulki a Yamai. CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, ta sa takunkumi, aka rufe iyaka, a farkon Agusta kuma Najeriya ta yanke wutar da take ba Nijar, wadda a lokacin ita ce kusan kashi 70 cikin 100 na abin da ƙasar ke amfani da shi. Damagaram da Maraɗi a kan layin da ya taso daga Katsina suke, don haka abin ya same su kai tsaye. Agadas kuwa wutarta daga tashar kwal ta SONICHAR take zuwa, ba ta rataya a kan Najeriya ba. Dogari a Yamai yana shan ɗaukewar wuta a gida, amma ofishinsu akwai janareto. A taƙaice, zaure guda ne amma mutanen cikinsa ba hali guda suke ciki ba, allon waya kuma ba ya nuna wannan.

A cikin labarin ayarin ya sauka a wata rijiya arewa da Tanut, mahara suka kore raƙuma da dare. Saƙon Maƙeri na ƙarshe shi ne: "Ni ba zan jira gari ya waye ba. Na ɗauki guduma da takobi na bi su." Bai jefa ba. Daga nan shiru. Abin da ya faru a waje mai sauƙin ganewa ne: keken surfaninsa na wuta ne, wuta ta tafi aiki ya tsaya, masu ɗinki ba su biya ba, ga batirin wayarsa dama ya gaji. Tsakanin cefanen gida da kuɗin caji da na intanet, ba sai an faɗa wa magidanci wanda zai zaɓa ba.

Kwana huɗu labarin yana tsaye cak, domin ba wanda zai iya motsi sai an san abin da ya sami wanda ya bi mahara. Dogari da Jagora suka fara matsawa. Dogari ya rubuta cewa mutum ɗaya ba zai riƙe mutum biyar ba. Jagora ya ce a jefa masa mana, ai Telegram ce ke jifar, hannun wa ya taɓa ba shi da muhimmanci. A dare na huɗu Mushe ya jefa a madadin Maƙeri. Aka samu 2 da 3, da ƙarin 1, shida ke nan, matsala. Sai ya rubuta wani dogon saƙo, wanda a gaskiya yana cikin mafi kyawun abin da ya rubuta, inda maƙerin ya cim ma maharan a wani kwari, ya kayar da biyu, na uku ya soke shi da mashi, da asuba ƴan ayari suka tsinci gudumarsa. Mutumin da telan ya yi wata da watanni yana ginawa, har da sunan garinsu da bashin da ya baro a Birni, ya mutu mai shi bai sani ba.

Bayan kwana biyu ya samu caji ya shiga. Saƙonsa gajere ne: "Mushe, shagona bai fi tafiyar minti biyar daga gidanka ba. Ka iya kashe ni, ba ka iya leƙo ni ba?" Ya fita daga zauren. Madugu ya bi bayansa da magana mai zafi, ya ce waɗanda ke da wuta sun yanke wa marasa wuta hukunci, ya rufe da cewa zumunta a ƙafa take. Jagora ya mayar da martani cewa jifar halal ce, kowa ya gan ta, ba wanda ya taɓa ta.

Jagora bai yi ƙarya ba, kuma nan ne gizo ke saƙar. Duk ƙoƙarin fadar na watannin baya ya tafi a kan tabbatar da cewa jifa ta gaskiya ce, har suka ɗauka in jifa ta inganta hukunci ya inganta. Amma kurakurai uku ne a jere, ba ɗayansu da ya shafi lambar. Tsarin da suka ara ya ce mai jan labari ba ya jifa, Mushe ya jefa. Shida tana nufin matsala, ba ta ce mutuwa ba, shi ya zaɓi mafi munin matsala ga mutumin da ba ya nan balle ya kare kansa. Na uku ya fi su nauyi: mutum ya ɓace kwana huɗu a lokacin da gari ke cikin ƙunci, abokansa na ƙuruciya suna duban sunansa a allo suna ƙorafin ya tsayar da wasa, ba wanda ya tambayi ko lafiya. A tebur ba za a yi haka ba, domin wurin zamansa a fili zai nuna ba ya nan, wani zai ce a aika yaro. A waya, wanda talauci ya kashe wa waya da wanda ya ƙi amsawa don ganin dama kamanninsu ɗaya.

Sulhu

A kan tabarma aka yi shi, a tsohon wurin fadar, na nesa aka kira su a waya aka ajiye ta a tsakiya. Madugu ne ya je ya ɗauko telan a babur. Ra'ayi biyu aka fara da su. Wasu suka ce a goge saƙon mutuwar a koma baya kamar ba a yi ba. Jagora ya ƙi, ya ce in aka fara goge abin da ƴaƴan ludo suka yanke, gobe kowa zai kawo uzuri, wasan ya zama tatsuniyar da kowa ke juyawa yadda ya so. Ungozoma ce ta kawo mafita. Ta ce wa wanta da Mushe: "Yaya, ku sake karanta saƙon. Guduma aka tsinta, ba wanda ya ga gawa." Shidar ta tsaya, an soki maƙerin, amma maharan sun ɗauke shi da rai don sun ga mai sana'a ne. Ayarin ya samu sabon aiki na nemo shi, telan kuma ya samu ɗaki nasa shi da Mushe, yana buga zaman kamu a hankali gwargwadon cajin da ya samu. Takunkumin bai tashi ba sai a Fabrairu 2024, don haka tsarin ya yi amfani na tsawon lokaci.

A zaman ne aka tsara ƙa'idojin jira, aka liƙa su a saman ɗakin labari. Ba wanda zai jefa wa wani, ko da Mushe ne. In mutum ya yi kwana biyu shiru, sai wani na kusa ya kira shi ko ya je ƙofarsa tukuna, sannan a janye mutuminsa zuwa bayan ayari, ana cewa yana kula da raƙuma. Wanda ke bayan ayari ba ya mutuwa, ba ya rasa kayansa. Mushe kuma ya ɗauki nasa nauyin: ya daina yanke labari a inda kowa ke rataye a kan mutum guda, in wani ya ware shi kaɗai sai a buɗe wa sauran abin yi. Ranar Alhamis, ranar babbar kasuwa, ba a jiran amsar kowa, domin Madugu da Maƙeri ba su da lokacin kansu. Game da murya, an bar telan ya riƙa turowa a ɗakin hira, Ungozoma ta mayar da ita rubutu a ɗakin labari, shi kuma ya duba ya ce haka ne kafin ya jefa.

Ba ɗaya daga cikin waɗannan da manhaja ta tanada. Telegram ta ba su jifar da ba a zargi da ma'ajiyar da ba ta ɓacewa, wannan kuma ba ƙaramin abu ba ne, shi ya kashe rigimar farko. Rigima ta biyu kuwa ta lokaci ce da halin rayuwa, wa zai jira wa, har yaushe, kuma me za a yi da mutumin wanda ba ya nan. Duk wanda zai buɗe irin wannan zaure a garin da wuta da intanet ba su da tabbas, gara ya fara da wannan tambayar kafin ya zaɓi manhaja.

Ƙa'idar ta zo da nata rami, kuma Dogari ne ya fara faɗawa ciki, ko ya fara amfani da shi, ya danganta da wanda ka tambaya. Tunda na bayan ayari ba ya mutuwa, an lura cewa duk lokacin da aka tunkari faɗa mai haɗari sai ya yi shiru kwana biyu, ya dawo bayan ƙura ta lafa a raba ganima da shi. A ƙananan zauruka Telegram tana nuna waɗanda suka buɗe saƙo, kuma sunansa yana fitowa. Madugu ya kawo shawarar cewa wanda ya karanta ya ƙi amsawa ba shi da rabo a abin da aka samo. Dogari ya ce buɗe saƙo a tsakiyar taron ofis daban, samun sukunin rubuta amsa daban. Abin mamaki, telan ne ya goya masa baya, ya ce shi ma yakan buɗe ya karanta da ɗigon cajin da ya rage masa, wayar ta mutu kafin ya amsa. An tsaya a kan rabin rabo ga duk wanda ke bayan ayari, ko da wane dalili ne. Madugu har yanzu yana ganin an yi wa Dogari sauƙi, Jagora kuma yana ganin an cuci mai uzurin gaskiya, kuma duk lokacin da aka zo rabon ganima sai maganar ta sake tashi a ɗakin hira.